Baƙi-baƙin da ke yawo a ido: abin da ya sami yayana da abin da ya same ni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, in faɗi wani abu da ya same ni a ido, wanda ya riga ya sami yayana. Shi ya rasa ido ɗaya, ni Allah ya bar mini nawa, alhali abu iri ɗaya muka gani. Abin da ya bambanta mu, bayan ikon Allah, shi ne ranar da kowannenmu ya taka ƙofar asibitin ido.

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya. Shekarata 58, fiye da 30 daga ciki a kan keke na yi su. Tun ina da arba'in da 'yan kai na fara lura da wani abu a idona na dama, kamar silin zare da ya lanƙwashe, da ɗan ƙulli a tsakiyarsa. A kan baƙin yadi ba na ganinsa. Amma da zarar na shimfiɗa farar shadda zan yanka, sai ga shi yana iyo. In na kai ido in dube shi sai ya zille gefe, in na tsayar da ido sai ya dawo a hankali, kamar ƙaiƙayi a cikin ruwan ƙwarya. Na sha kai hannu in kakkaɓe shaddar, ina zaton zare ne ya faɗo a kai.

Na tambayi mutane, kowa da tasa. Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce yanar ido ce ta fara, wata gwaggona kuwa ta ce kambun baka ne saboda shagona ya fara cika. Sai da na je a gwada ni tabarau, lokacin da kafar allura ta fara gagarata, na faɗa wa mai gwajin. Ya duba ya ce wannan na shekaru ne, ba ya makantarwa, kuma babu maganin ɗigawa da ke wanke shi.

Haka na zauna da shi. Na koyi cewa in ya tsaya mini daidai inda nake aiki, sai in ɗaga ido sama in saukar, ya kauce. Na juya teburin yanka don hasken ƙofa ya daina dukan farin yadi kai tsaye. In zan fita da tsakar rana nakan sa baƙin gilashi. Da tafiya ta yi tafiya sai in yi kwana biyu uku ban tuna da shi ba. Na faɗi wannan ne don masu irinsa su kwantar da hankali. Mafi yawan masu ganin ɗan zare ko ɗan ɗigo da ya daɗe, ba ya ƙaruwa, ba ya canzawa, ba su da abin tsoro, kuma kada su zubar da kuɗinsu wajen masu tallar maganin wanke ido a mota da kasuwa.

Amma sabo da abu yana da nasa haɗarin. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Yayana direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Zariya da Funtuwa da Gusau. A daminar 2019 ya zo shagona bayan la'asar, ya zauna a benci yana ta kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Kai dai bari. Tun shekaranjiya wasu ƙudaje suka cika mini idon hagu, ga wata walƙiya da nake gani ta gefe in dare ya yi, ko babu hadari." Amsar da na ba shi ita ce ke ci mini rai har yau. Na ce, "Ai ni ma ina da irinsu, ya fi shekara goma, ba abin da suka yi mini." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, don hankalinsa ya kwanta. Ban san nasa daban, nawa daban ba.

Ya je kemis, aka ba shi maganin ɗigawa irin na afolo, alhali idon ba ja, ba kwantsa, ba ƙaiƙayi. Da bai ga sauƙi ba ya koma kan tozali. Bayan kamar mako biyu ya ce mini wata inuwa ta taso masa daga ƙasa, kamar ana jan labule. Bai ajiye tuƙi ba, sai dai ya riƙa juya kai gaba ɗaya in zai duba hagunsa. Sai ranar da ya kusa ture wani mai babur da bai ga fitowarsa ba muka tilasta masa zuwa asibiti, kusan wata biyu da farawar abin. An yi masa babban aiki, ya yi kwanaki yana kwance rub da ciki kamar yadda likita ya umarta, filinsa ya tafi a kuɗin magani. Yau in ka kaɗa hannu a gaban idon nan, motsin kawai yake gani. Tuƙi ya ƙare.

Kuma duk tsawon wata biyun nan, Edita, ko sau ɗaya idon bai yi masa ciwo ba. A nan cutar take. Mu mutane ne da ba mu ɗauki abu a matsayin ciwo sai ya hana mu barci.

Nawa ya zo a azumin 2023, cikin goman ƙarshe, lokacin da kowane tela ya san ba shi da lokacin kansa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka kashe janareta, na juya zan ɗauki makulli, sai na ga wani haske ya gifta ta gefen idona na dama kamar an ɗauki hoto. Na sake juya kai, ya sake giftawa. Na ce gajiya ce. Da safe na shimfiɗa farar shadda, sai na ga kamar an barbaɗa mata garin gawayi, ɗigo-ɗigo ba iyaka, ga wani babban zobe kamar saƙar gizo yana lilo a tsakiya. Na rufe idon dama, shadda fes. Na buɗe, garin gawayi ya dawo.

Ɗinkin mutane ya fi kala 40 a rataye, Sallah saura kwana shida. Na koma gida na faɗa wa maiɗakina, na ce bari a sauke Sallah tukuna. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka manta da Yaya ne? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa ake yi." Ita ta karɓi makullin shago ta miƙa wa babban yarona, ta kira ɗanmu ya ɗauke ni a babur.

A asibitin ido na tarar da layi, amma da na gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa abin jiya ya fara, kuma da walƙiya, sai ta shigar da katina gaba. Wannan ya sa nake cewa duk wanda ya je ya faɗi waɗannan kalmomi da bakinsa tun a wajen yankar kati, kada ya ce kawai "idona ne ke damuna". Aka ɗiga mini magani mai buɗe ƙwayar ido, na jira fiye da rabin awa har komai ya koma dishi-dishi. Likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta haska mini fitila mai ƙarfi, tana cewa, "Baba, dubi sama. Dubi dama. Dubi ƙasa." Can ta ajiye fitilar ta ce, "Baba, ka zo a kan lokaci. Akwai 'yar yaga, amma bai ɗago ba tukuna."

Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ta kuwa yi, Allah ya saka mata. Cikin ƙwayar ido cike yake da wani ruwa mai kauri, garau, kamar farin ɗanyen ƙwai. A bangon baya kuma akwai wani siririn tantani, retina suke ce masa, shi ke karɓar hoton duk abin da muke gani. In shekaru suka ja, ruwan nan yakan tsinke ya motse, zaruruwan cikinsa su dunƙule. Inuwarsu ce muke gani tana yawo, shi ya sa wanke ido ba ya fitar da su, don ba a waje suke ba. Wata rana ruwan yakan saki bangon baya gaba ɗaya, galibi bayan shekara 50. Ga yawancin mutane yakan saki lafiya. Ga wasu kuwa, wajen mutum ɗaya cikin goma na masu zuwa da sababbin alamun nan, yakan fizgi tantanin ya yaga shi. Fizgar ita ce walƙiyar, domin tantanin bai san zafi ba, haske kawai ya sani. In aka bar yagar, ruwa ya bi ta ciki ya shiga bayansa, sai ya ɗago kamar yadda damina ke shiga bayan yaɓen bango ta ɓamɓare shi. Labulen da yayana ya gani ke nan. In ɗagowar ta kai tsakiyar gani ta daɗe, ko an mayar da shi da aiki, ganin ba ya cika dawowa yadda yake.

Aka tura ni Kaduna, washegari aka yi mini aikin leza, wato aiki da wani haske mai ƙarfi. A zaune aka yi, haɓata a kan wani ɗan marfi, bayan an ɗiga maganin kashe zafi. Koren haske na riƙa gani yana walƙawa, da ɗan tsukewa can cikin ido, cikin kamar minti 15 aka gama. Abin da suka yi shi ne abin da nake yi kullum da ramin maɓalli: zagaye bakin yagar don kada ta ci gaba. Ranar na kwana a gida.

Akwai abin da ya so ya tsayar da ni, na san kuma yana tsayar da mutane da yawa, wato ɗiga magani a ido da azumi a baki. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce lalura ce, in je, idan na ji ɗacin maganin a maƙogwaro in rama rana ɗaya bayan Sallah. Ma'aikaciyar jinya kuma ta nuna mini in danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na ɗan lokaci bayan ɗigawa, yana rage gangarowarsa.

Lezar ba ta kwashe baƙi-baƙin ba, kuma tun farko an gaya mini ba don haka ake yin ta ba. Garin gawayin ya washe cikin 'yan makonni, zoben ya dushe bayan watanni, tsohon zarena kuwa yana nan inda na san shi. Wasu masu ɗinki sun yi fushi a Sallar nan, biyu ba su sake dawowa ba. Na ba su haƙuri, kuma da za a maimaita, haka zan sake yi.

Likitar ta ce akwai waɗanda ya kamata su fi kowa sa ido. Masu sa gilashi mai kauri don ganin nesa, da wanda aka yi wa aikin yana, da wanda wani abu ya taɓa bugu a ido, da wanda abin ya sami ɗan'uwansa na jini, kamar ni. Mai ciwon suga kuwa jijiyoyin bayan idonsa na iya zubar da jini a ciki, ya ga baƙi-baƙi ko jan hayaƙi, don haka a buɗe masa ido a duba ko sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne sikila, musamman masu nau'in SC, waɗanda sau da yawa jikinsu ya fi na masu SS ƙarfi amma idonsu ya fi shiga haɗari, kuma tun suna matasa. A ƙasar nan tamu da sikila ta yi yawa, ban taɓa jin an faɗi haka a rediyo ba.

Ina da kira ga masu kemis. Ku ne mutane ke fara zuwa wurinku, kun fi likita kusa da mu. In mutum ya ce muku ya wayi gari da ƙudaje a ido, ko yana ganin walƙiya, ko inuwa ta rufe masa gefe, don Allah kada ku miƙa masa kwalba. Ku ce ya tafi asibitin ido yau, in ya gagara gobe da sassafe, kuma ya tafi da mai rakiya don maganin buɗe ido kan hana gani sosai na wasu awanni, ba a tuƙi da shi. Haka masu sayar da tabarau: karanta haruffa a allo ba ya nuna yagar bayan ido. Ni ranar da aka ga tawa, na karanta allon har layin ƙasa. Wuraren zuwa kuwa akwai su. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a Kano ga asibitin ido na ECWA da na Makka da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a tura shi gaba.

Kai kuma Edita, kowace Alhamis ta biyu a watan Oktoba ake Ranar Gani ta Duniya, kuma galibi a kan yanar ido da hawan jinin ido ake magana. Ina roƙon bana ku gayyato likitan bayan ido ya yi wa masu karatu wannan bayani da Hausa, ya fi nawa inganci.

An gaya mini idon hagu ma zai iya bin sahu, don haka kowace safiya in na buɗe shago nakan rufe ido ɗaya da tafin hannu in dubi ƙofa, in tabbata ina ganin kusurwoyinta huɗu, sannan in sauya. Yayana yanzu a shagon yake wuni, yana karɓar kaya yana rubuta awo. Watan jiya wani dattijo ya kawo ɗinki, yana magana yana kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Kafin in buɗe baki Yaya ya miƙe ya ce, "Alhaji, tun yaushe?" Ya ce kwana uku. Yaya ya karɓi ledar yadin ya ajiye, ya kama hannunsa suka fita tarar Keke Napep.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tela daga Tudun Wada, Zariya