Wasiƙa zuwa ga aminina kan batun tafiya Ikko

Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Agadas baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah.

Na samu saƙonka cewa babban ɗanka ya kafe sai ya tafi Legas neman na kansa, kai kuma hankalinka ya ƙi kwanciya. Ni dai shawarata, ka sa masa albarka ya tafi.

Gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya. Teku na kudu, ga wani makeken tafki ya raba tsibirai da sauran gari. Gadar Third Mainland da aka kammala a 1990 ta kusa kilomita 12, kana bisanta kana hango gidajen katako na Makoko tsaye cikin ruwa, yara ƙanana na tuƙa kwalekwale. Mu da muka tashi da jan guga a rijiya, dole abin ya cika mana ido.

Arzikin garin kuwa a tashoshin jiragen ruwa yake: Apapa da Tin Can, sai sabuwar ta Lekki da ta fara aiki a 2023, kusa da matatar man Ɗangote. Da yawan kayan da muke saye a kasuwar Katsina, can kwantenarsu ta sauka. Gwamnati ta koma Abuja tun 1991, amma ciniki bai bi ta ba.

Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne kasuwar Mile 12. Tun asuba manyan motoci ke shigowa daga Arewa da tumatir da attaruhu da albasa, 'yan dako na sauke kwanduna, dillalai na "albarka" da "na sallama" da Hausa tsantsa. Haka Agege da Idi-Araba. Yaron ba zai yi maraici ba.

Sai dai ka gaya masa gaskiya: kuɗin haya da tsada, gosulo na cinye rabin yini, zafin kuma mai danƙo ne. Kada ya ba kowa kuɗi sai ya ga kaya da idonsa. In ya samu sarari, ya leƙa Badagry ya ga inda aka riƙa loda bayi a jirgi, ya kuma tsaya bakin teku.

Ka ce ya biyo ta Maraɗi da Jibiya ya kwana wurina. Zan haɗa shi da wani direbanmu mai amana.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Katsina.