Kafin magidanci ya sayi matatar ruwa mai bokiti biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan matatar ruwan nan mai bokiti biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ba ta neman wutar lantarki: a zuba ruwa a na sama, nauyinsa ya tura shi ta jikin wani sandan tangaran mai ƙananan ƙofofi da ake kira kyandir, ya ɗiɗɗiga a na ƙasa. Duk wanda ya ga Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya haɗe rijiya da masai, ya san amfanin gida ya mallaki irinta. Sai dai a kasuwa mutane na saye ne da ƙyallin bokiti, alhali aikin duka yana jikin kyandir.

Tambayar farko ga mai shago ita ce girman ƙofofin kyandir ɗin. Da maikuron ake auna su, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kyandir na kirki yana tsakanin 0.2 da 0.5, kuma za ka ga an rubuta a kwalinsa. Wannan ya isa ya tare laka, ƙwan tsutsar ciki, da mafi yawan bakteriya masu kawo kwalara da taifot. Amma bairos, irin mai sa ciwon shawara da mai sa yara gudawa, bai kai 0.1 ba, yana iya wucewa abinsa. Kwalin da ba lamba, sai hoton dutse da ƙorama, a bar wa mai shi kayansa. In an ce an gwada, a tambaya wa ya gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin gwada irin waɗannan kaya tun 2014, tana ba da tauraro ɗaya zuwa uku. Mai ɗaya ya ci gwaji ne kan iri biyu cikin irin ƙwayoyin cuta uku. Tambarin NSF 42 kuwa, na wata cibiyar gwajin kaya ta Amurka, da wasu ke tinƙaho da shi, na ɗanɗano da wari ne kawai, ba ruwansa da cuta.

Akwai 'yar na'ura kamar alƙalami da masu talla ke tsomawa a kofi su nuna maka lamba. Gishirin da ya narke a ruwa take aunawa. Ruwan da ke cike da kwalara zai iya ba da lamba mai kyau.

Sai lissafin yawa, wanda nan aka fi yin asara. Kyandir ɗaya yana ba da kamar lita ɗaya a awa idan bokitin sama cike yake, kuma yana raguwa yayin da ruwan ke sauka, don nauyin da ke tura shi ya ragu. Mutum ɗaya na buƙatar lita biyu da rabi zuwa uku na sha a yini, a zafin Afrilu ma fiye. Gida mai mutum goma ke nan lita talatin, ban da girki. Matata mai kyandir ɗaya ba za ta riƙe wannan gida ba. Kafin la'asar an ƙosa da jira an koma randa. A nemi mai ramin kyandir uku ko huɗu, ko a sayi biyu, a riƙa cikawa da dare da kuma safe.

Wajen haɗawa a wanke hannu da sabulu. Robar da ke hana yoyo tana zama a wuyan kyandir daga cikin bokitin sama, noti ya kama ta ƙasa. Da hannu ake ɗaurewa. Wanda ya sa filaya zai tsaga gindin, kuma tsagar ba lalle a gan ta ba. Ramin da ba a sa masa kyandir ba a toshe shi da abin toshiyarsa. Ruwan farko da na biyu a zubar, ƙurar tangaran ce. Daga nan a lura da agogo. Matatar da ta saba shan awa takwas kafin ta sauke bokiti, rana ɗaya ta sauke cikin awa guda, ba ƙoƙari ta yi ba: ko kyandir ya tsage, ko roba ta goce, ruwan datti ne ke zuba kai tsaye. Kyandir mai tsaga ba a liƙe shi, jefarwa ake yi. Kada kuma a ƙara ruwa a sama alhali na ƙasa ya cika, zai tumbatsa ta tsakanin bokitan.

Idan ɗigar ta yi sanyi, laka ce ta toshe fuskar kyandir. A cire, a riƙe shi bakin wuyansa yana kallon sama, a goge da sabon soso ko buroshi mai laushi cikin ruwa mai tsabta har farinsa ya fito. Ba a sa sabulu ko omo, suna shiga ƙofofin su zauna. Ruwan wankin kada ya shiga ta bakin. Kowace guga tana cin jikinsa, shi ya sa ruwan kududdufi ko na rafi da damina ba a zuba shi kai tsaye. A fara kwantar da shi da ɗan alimun, ko garin ƙwayar zogale, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ya yi kauri sosai, a jira awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta.

A lokacin annoba ko ambaliya, tacewa kaɗai ba ta wadatar ba saboda bairos ɗin da na ambata. A tace, sannan a sa kulorin: ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 tana wa lita 20 na tataccen ruwa, a jira minti 30, ruwan kulorin na WaterGuard kuma a bi awon da ke jikin kwalbar. Bayan tacewa ake sawa, don kyandir mai gawayi a ciki yana shanye kulorin, ruwan ya sauka ba mai gadinsa. In ba kulorin, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ta famfo ake ɗiba. Moɗar da aka ajiye a ƙasa aka tsoma a bokitin ƙasa ta rushe aikin duka. Bokitin nan da famfonsa a wanke su duk mako da ruwan kulorin.

Abin da ya narke a ruwa kuwa, gishiri ne ko fuloraid (wani sinadari da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa), tangaran ba ya riƙe shi. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun ga yadda ruwan burtsatse mai haske garau ya ɓata wa yara haƙora ya lanƙwasa musu ƙashi saboda yawan fuloraid. Rijiyar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai ko majema sai an kai ruwanta ɗakin gwaji.

Gawayin cikin kyandir yakan gaji cikin kamar wata shida, shi kansa kyandir ɗin wata shida zuwa shekara, gwargwadon dattin ruwan. Saboda haka kada a biya kuɗi sai mai shago ya ɗora kyandir na canji a kan teburi, an gwada wuyansa ya shiga ramin. A sayi biyu, da roba da famfo na ajiya, a naɗe cikin zane a sa a kwali inda yara ba sa kaiwa. Ina kuma roƙon NAFDAC da SON su tilasta wa masu shigo da matatun rubuta maikuron da sunan wanda ya gwada a jikin kwali.

Wassalam.

Wani ma'aikacin tsabtar ruwa, Kano