Amsa ga ɗana da ya tambaye ni: me ya haɗa ɗan Sakkwato da littattafan gurguzu?

Assalamu alaikum, ɗana.

Da yake a gidan rediyo ka yi mini tambayar, jama'a na saurare, a gaban jama'a zan amsa. Cewa ka yi: "Malam, kai musulmi ne haifaffen garin Shehu. Me ya sa kake tura ɗalibai su karanta Karl Marx da littattafan siyasar tattalin arziki da tarihin Girka da Rum? Ba ka tsoron a ɓata musu aƙida?" Tambayar mai kishin addini ce, Allah ya yi maka albarka.

Marx, wanda littattafansa suka zama tushen gurguzu, bai yarda da Allah ba, har ya kira addini kayan mayen talakawa. Wannan ɓata ne, kuma haka nake gaya wa kowane ɗalibi. Waɗanda suka yi mulki da sunansa ma sun yi ta'asa. A Tarayyar Sobiyet zamanin Stalin an rufe dubban masallatai, sannan ƙwace gonaki da ƙarfin tuwo ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta ci miliyoyin rayuka a Yukren da Kazakistan. Duk wanda ya kawo maka tallan gurguzu bai faɗi waɗannan ba, ha'intarka ya yi.

To amma zo mu leƙa fadamar Wurno ko ta Goronyo. Manomin albasa ya ci bashin taki da na man injin ban-ruwa a hannun ɗan kasuwa, bisa sharaɗin shi zai sayar wa idan ya cire. Ranar cira albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, mai bashi yana bakin gona da buhunansa da motarsa. Manomi ba shi da wurin ajiya, ba shi da halin jira, ga iyali. Bayan 'yan watanni buhun nan ya yi tsada a Legas, shi kuwa ya koma neman bashin wata shekara. Ba wanda ya tsare shi da makami, da bakinsa ya ce ya sallama. To me ya sa kullum mai gumin ne ke tashi a tutar babu? A kan wannan tambaya ilimin siyasar tattalin arziki ya ginu: wa ke aiki, wa ke riƙe da jari da ƙasa, wa ke yanka farashi, ina rarar take zuwa. Adam Smith, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, ya ba da tasa amsar a 1776. Marx ya ba da tasa a 1867 cikin Das Kapital, inda ya ce riba tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ma'aikaci ya samar da abin da aka biya shi. Masana sun yi masa raddi mai ƙarfi a kan wannan, amma ya koya wa duniya bin sawun kuɗi har zuwa hannun da suka kwana.

Za ka ce musulunci ya riga ya haramta riba, ya hana ɓoye abinci, ya wajabta zakka. Gaskiya ne, kuma a can maganin yake. Sai dai malamin da bai san yadda bashin banki ko na dillali yake aiki a yau ba, yaya zai gane inda ribar ta ɓuya, balle ya yi fatawa a kai? Wannan shi ne babban dalilina.

Mu a nan mun ga Bakolori. An gina madatsar ruwa kusa da Talata Mafara, lokacin tana cikin jihar Sakkwato, manoma suka rasa gonaki, suka tsaya neman diyya, a watan Afrilun 1980 aka far musu, aka kashe mutane da yawa. Ɗalibin da ya karanta tarihin Rum ba zai ɗauki wannan baƙon abu ba. A shekara ta 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Tiberiyus Girakus ya kawo dokar taƙaita filayen gwamnati da attajirai suka mamaye domin a raba wa marasa gona, manyan gari suka kashe shi a shekarar. Tun kafin nan, wajen shekara ta 594 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bashi ya mai da manoman Atina ta ƙasar Girka bayi, sai da Solon, mai tsara dokokin birnin, ya yafe basussukan ya kuma hana a riƙe mutum jingina. Rigimar gona da bashi tsohuwa ce ƙwarai.

Kuma kada ka zaci daga Turai aka kawo mana wannan tunani. Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima, a 1377, cewa zalunci yana rushe gari, haraji mai nauyi yana kashe zuciyar masu sana'a har abin da ke shiga baitulmali ya ragu. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya jero jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa sarakuna, ya kira su zalunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da Bature Clapperton ya dawo Sakkwato karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Iƙilidis Bagirke da Larabci, murna ya yi, don kwafen gidansu gobara ta cinye shi. Iƙilidis ba musulmi ba ne, Bello ya san da haka.

Tsoronka yana da gurbi a wuri guda: yaron da bai san addininsa ba, aka miƙa masa Marx shi kaɗai. Saboda haka ne nake sa ɗalibi ya fara da littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello, ya bi da Ibn Khaldun, sannan ya shiga Smith da Marx yana da ma'auni a hannu. Ka je Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ko ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'armu ta Usmanu Danfodiyo, ka nemi Kitabul Farƙi, gajere ne. Idan ka gama, ka same ni bayan la'asar mu ɗora daga nan.

Ka gaida mahaifanka.

Wassalam,
Malaminka, tsohon malamin tarihi, Sakkwato