Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da sifika babu kayan gyara

Yallaɓai Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda na kira lambar da ke jikin kwalinku har na gaji, na tura saƙo shiru, kuma na tabbata ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ana gab da azumin bara na shiga Kano na sayi sifikarku a kasuwar Sabon Gari, mai akwati biyu ɗin nan da ke karɓar memori da Bluetooth. Mahaifina na saya wa. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya duba Alƙur'ani kamar da, sai saurare. Muna jona ta da batirin sola mu ajiye masa a zaure, ya wuni yana bin karatu da tafsiri, maƙwabta ma su zo su zauna.

Ta yi watanni tana aiki lafiya ƙalau, wannan ba zan tauye muku ba. Wata safiya Baba ya kira ni ya ce, “Zo ka ji, alaramman nan yau kamar ya tura kansa cikin tulu. Sin da shin sun zama ɗaya.” Na kara kunne a akwatin da ke kusa da buzunsa. Babbar sifikar ta ƙasa tana bugawa, amma 'yar ƙaramar ta sama, wadda masu gyara ke kira tiwita, ta yi tsit. Ita ce ke fitar da siririyar ƙara, kuma harufan da ake furtawa da shasshekar iska tsakanin haƙora a can suke zaune. Mai jin kiɗa zai iya haƙuri da rashinta. Mai bin tajwidi ba zai iya ba, balle tsoho, wanda dama siririyar ƙara ce ke fara ɓace wa kunnensa.

Na ɗaure akwatunan biyu a bayan babur na kai wa mai gyaran rediyo a Ringim. Ya ɗora mita a kan matacciyar, allura ko motsi. Ya ce koyil, wato naɗin siririyar waya da ke cikinta, ya ƙone, ya kuma tambaye ni ko an taɓa ƙure murya. Na ce an yi, ranar suna yara sun murɗa ta har ƙarshe. Ya ce shi ke nan: idan aka matsa wa ƙaramar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, fiye da ƙarfinta, sautin yakan karye ya yi kaushi, zafin ya faɗa kan tiwita, ita kuwa wayar koyil ɗinta sirantarta kamar gashi. To kun ji, ban zo neman kyauta ba, ban kuma ce ku biya ni diyya ba. Laifin ƙonewar na gidanmu ne. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne abin da ya biyo baya.

Tun wajen cirewa aka fara wahala. Kun ɗaure tiwitar da kusoshi huɗu, sannan kuka bi ta da gam mai ƙarfi. Akwatin kuwa garin katako ne da aka matse, don haka da ya ɓamɓare ta sai ta taho da gefen ramin. Ya juya bayanta yana neman rubutu, fayau. Babu lamba, babu adadin om, wato ma'aunin yadda take tirje wa wutar lantarki, babu wat. Takardar da ke cikin kwali ma na kawo masa, ba ta ce komai a kanta ba. Wayoyi biyun da ke shiga cikinta kalarsu ɗaya, babu alamar wadda take fulos da wadda take mainos, sai da ya bi su har kan allon amfilifaya kafin ya gane. Ya ce mini, “Malam, idan aka juya su za ta yi ƙara, amma inda muryarta ke haɗuwa da ta babbar sai ka ji wani rami a tsakani.”

Da babu rubutu, sai ya buɗe ɗaya akwatin mai lafiya ya auna tata. Mita ta nuna kusan 5, ya ce wannan 'yar om 6 ce, don mita kan nuna ƙasa kaɗan da ainihin lambar. Na koma Sabon Gari da matacciyar a aljihu, na bi shaguna layi-layi. Mai shagon da na saya a wurinsa ya ce shi sifika yake sayarwa, kamfani bai taɓa kawo masa kayan gyara ba, in ƙara kuɗi in ɗauki sabuwa. Wajen masu kayan gyara kuwa na sami 'yan om 4 da 'yan om 8, sai kuma irin mai arhar nan ta fizo da ba ta da koyil, wadda ƙararta ke tsira kunne.

Wani zai ce om 6 da om 8 ai duk tafiyar ɗaya ce. Ba haka ba ne, kuma injiniyoyinku sun fi ni sani. Abin da ke tsare tiwitar nan a akwatinku ƙwaya ɗaya ne tak, kafasita mai lamba 4.7. Ita ke tare ƙarar ƙasa ta bar ta sama ta wuce, kuma inda take yanka ya danganta da om ɗin tiwitar. Mun zauna da mai gyaran mun yi lissafin a bayan takardar siminti: a ma'aunin sirantar ƙara da ake kira haz, da om 6 tana yanka wajen 5,600, da om 8 sai ta sauko wajen 4,200, da om 4 kuma ta haura kusan 8,500. Ke nan kowacce ka saka muryar akwatin ta canza, sai dai a canza kafasitar ita ma. Ga kuma bambancin ƙarfin ƙara tsakanin wannan da waccan, wanda mita ba ta nunawa, sai kunne.

Ƙarshe na sayi 'yan om 8 guda biyu, domin ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba sauti zai karkata gefe guda. Wato na cire lafiyayyar tiwitarku na ajiye saboda babu 'yar'uwarta a kasuwa. Sababbin kuma fuskarsu ta fi ramin ƙanƙanta, ramukan kusoshi ba su dace ba. Sai da muka je wajen kafinta ya yanko mana zobe biyu na filawud, aka ɗaura, aka toshe gefe da roba don kada iska ta riƙa fita, tunda ɗaki ɗaya suke da babbar sifikar. Aka canza kafasita. Zuwa Ringim sau uku, Kano sau biyu, ga kuɗin mota, ga mai, ga ranar Asabar biyu da ban je gona ba ana tsakiyar noma. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya haura rabin kuɗin sifikar.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Baba ya saurara ya ce harufa sun dawo, sai dai muryar ta yi masa kaifi, ba irin wadda ya saba da ita ba. Yanzu muna rufa mata siririn ƙyalle a saman fuska.

Yallaɓai, kun san inda kayanku ke zuwa. A kasuwar Gujungu ina ganin sifikarku a shagon mai caji, a rumfar mai shayi, a cikin kayan ɗakin amare. Waɗannan mutane ba sa jefar da abu don ƙwaya ɗaya ta mutu, gyarawa suke yi, kuma muna da masu gyara da suka san aikinsu. A shagon na Ringim na ƙirga akwatunanku biyar jingine da bango, ƙura ta rufe su, ya ce uku daga ciki wannan ciwon ne.

Ku buga adadin om da wat a bayan kowace tiwita, ku rubuta faɗin raminta a takardar kwali. Ku bambanta kalar wayoyin. Gam ɗin nan ku bar shi, kusoshi sun isa. Abin da ya fi komai, duk dilan da kuka ba kwalaye a Kano ku haɗa masa da tiwitoci na sayarwa, ko da bibbiyu ne a leda. Idan wannan wasiƙa ma ta sha shiru, zan kai ƙorafin gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tare da rasit ɗina.

Tiwitocinku biyu suna nan a wurina, matacciyar da mai ran, na naɗe su a takarda na sa a aljihun tebur. Idan kun kawo irinsu, guda ɗaya nake buƙata, kuma da kuɗina zan saya.

Na gode.

Wassalam,
Malamin firamare daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa