Godiya ga shagon kafinta na unguwar Zango, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Malam mai shagon kafinta da ke Zango, da yaran shagonsa, da mai waldar da ke aiki tare da su. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin aikin da kuka yi mini a madafar gidan da nake haya ya fi ƙarfin "an gode" ta bakin ƙofa. Kuma akwai mata da yawa a garin nan da ya kamata su ji labarinku.

Duk wanda ya zauna gidan haya ya san sharaɗi. Ba a huda bango, ba a sake fenti sai da izini, ranar tashi kuma sai an duba ɗaki-ɗaki kafin a maido kuɗin da aka ajiye. Ban ga laifin masu gidaje ba, dukiyarsu ce. Amma macen da ta buɗe ido ta ga jeren mahaifiyarta, samiru da tasoshi da faya-fayai kowanne a mazauninsa, zaman gidan da ba ta da ikon kafa ko ƙusa ɗaya yana mata nauyi a rai. Gidan namu irin ginin zamanin nan ne, madafa a ciki, tsakaninta da falo wani guntun bango da bai kai ƙirji ba, an shafe shi da siminti an bar shi haka nan. A kansa ake zubar da ledar cefane da makullai da cajar waya, kuma shi ne abin da idon baƙo ke fara sauka a kai.

Malam, abin da ya fara burge ni shi ne ba ku fara da tsada ba. Kun zo da kanku da ma'auni, kuka tambaye ni wa ke girki, a tsaye nake yanka ko a zaune, shekarun yara nawa, ina nake ajiye ruwa idan famfo ya ɗauke. Da na faɗa muku sharaɗin mai gida, kuka ce to ba za a taɓa masa bango ba ko kaɗan. Haka kuwa aka yi. Kantar da kuka ƙera ta hau guntun bangon nan kamar sirdi a bayan doki, nauyinta ne ke riƙe da ita, an shimfiɗa mata robar tsohon tayar mota a ƙasa don kada ta goge siminti. Tsayinta bai wuce santimita 90 da kaɗan ba, daidai hannuna. Tana rabuwa gida uku, dukkansu da sukuru aka ɗaure su, ranar da Allah ya yi mana tashi amalanke ɗaya ya ishe ta.

Akwai abin da ba zan manta ba. Na so a yi wa tukunyar gas ɗina, ƙaramar nan mai kilo 6, ɗan kabad mai ƙofa a rufe ta ruf don kada ta ɓata kyan wurin. Kuka ƙi, kuma kuka zaunar da ni kuka yi mini bayani: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, don haka dole a bar masa kafofi ta ƙasa. Sai kuka yi wa ƙofar raga ta katako, wadda ta ma fi abin da na nema kyau. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tukwanen gas suka yawaita a gidajen Damagaram, kuma ina ganin wannan bayani naku ya kamata kowane kafinta a garin nan ya riƙa yi wa masu kawo masa aiki. Haka ƙafafun kantar, kun sa mai walda ya ɗaga su kan ƙarfe saboda gara da ruwan shara. Kofuna kuma kuka yi musu gida mai gilashi, kuka ce in jira hunturu in ga amfaninsa. Na gani.

Wajen ado kuwa, ban taɓa zaton kafinta zai aike ni yawo ba. Kuka ce in shiga Birni, in bi lungunan da ke kewayen fadar Sarkin Damagaram, in dubi zanen da magina suka yi a fuskokin tsofaffin gidaje, in ɗauko hoton wanda ya kwanta mini. A garin nan aka haife ni, amma rabon da in tsaya in ƙare wa waɗannan bangaye kallo har na manta. Na ɗauko dagi guda, da wani zane mai lanƙwasa da ke saman wata ƙofar zaure. Babban yaronku ya zana su da fensir a fuskar kantar, ya sassaƙe su da hannu, yana hura garin katako yana shafawa da ɗan yatsa, bai yarda ya shafa man sheƙi ba sai da na zo na gani na ce ya yi. Kujeru biyu dogaye da ake zama a gaban kantar kuka kai wa dukawa, suka lulluɓe su da jar fata mai ɗinkin kore a gefe, irin aikin da aka san garinmu da shi. Faya-fayan da kakata ta saƙa da kaba, waɗanda suka daɗe a cikin akwati, yanzu suna rataye a jikin wani firam mai tsayuwa da ƙafarsa. Tulun da na sayo a Mirriya ma ya samu gindin ƙarfe a kusurwa, ruwansa sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara.

Batun kuɗi da alkawari zan taƙaita. Abin da muka yi da ku shi na biya, ba a ƙara mini ko dala ba, kuma kun amince na biya kashi biyu. Tun farko kun gaya mini katakon sai ya ƙara bushewa, kuka sa rana, kuma ranar ba ta wuce ba. Yaran da suka kawo kaya sun yi sallama sun jira izini, sun cire takalma, da suka gama suka share wurin tsaf. Ƙaramin cikinsu har ya koya mini yadda ake kwance sukurun da kaina. Tarbiyya ce wannan, kuma daga gare ku suka same ta.

Mai gidan ya zo karɓar haya, ya zagaya kantar, ya leƙa ƙarƙashinta, bai ga huda ko ɗaya ba. Kafin ya tafi sai da ya tambaye ni kwatancen shagonku.

Ina da roƙo guda. Garin nan cike yake da ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki, da malaman Jami'ar André Salifou, da amaren da ke fara zama a gidan haya. Ku ajiye samfurin irin wannan kanta a bakin shago, mutane su gani da ido su san ana iya yi, domin da yawa sun haƙura ne kawai don ba su sani ba. Ku kuma koya wa yaran da ke hannunku wannan dabara tun yanzu.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare hannuwanku daga kaifin zarto, ya raya muku zuri'a, ya kawo kasuwa mai albarka. Amin.

Wassalam,
Wata mai haya a unguwar Sabon Gari, Damagaram