Ɗaliban kiwon lafiya su buɗe kundin aji na kalmomin marasa lafiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in miƙa wata shawara ga ɗaliban makarantun koyon aikin jinya da ungozoma da na kiwon lafiyar al'umma, da kuma malaman da ke koyar da su. Shawarar ita ce kowane aji ya buɗe kundi guda na haɗin gwiwa, wanda duk ɗalibin da ya dawo daga koyon aiki a asibiti zai rubuta a cikinsa abin da ya ji daga bakin marasa lafiya, da yadda suka faɗe shi, da kuma abin da aka gano bayan an duba su.

Da Turanci ake karatu a aji, da shi kuma ake rubuta jarrabawar hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya da ungozoma, amma ranar da aka zaunar da ɗalibi a ɗakin ganin marasa lafiya, wadda za ta zauna a gabansa da goyo a baya da Hausa za ta yi magana, kuma ba irin Hausar da ake fassara littafi da ita ba. Na taɓa tsayawa a bayan wata ɗaliba a wani ƙaramin asibiti, wata mata ta shigo ta ja mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta ce da ƙaramar murya: "Sanyi ne ke damuna." Nan take ɗalibar ta rubuta mura, har ta fara yi mata faɗan shan ruwan ƙanƙara. Sai da na matso na ce, "Yaya, sanyin ƙirji ne ko na mara?" sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce wata uku ke nan tana fama da ƙaiƙayi da fitar ruwa. Ɗalibar Bahaushiya ce gaba da baya, ba kuma daƙiƙiya ba ce. Babu dai wanda ya taɓa gaya mata cewa kalmar nan guda tana ɗauke da mura da ciwon gaɓoɓi da cututtukan al'aura, kuma kunya ce ke sa mace ta fake a bayanta.

Irin waɗannan kalmomi suna da yawa. Wanda ya ce yana da shawara, mai yiwuwa ciwon hanta ne ya sa idonsa ya yi rawaya, mai yiwuwa kuma amosanin jini ne. Basir kuwa ya zama buhun da ake zuba kowane ciwo na ciki da na dubura. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne uwar da za ta ce haƙori ne ke sa ɗanta gudawa, ko ta ce maɗigarsa ta faɗa, alhali faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jikin jariri, kuma jinkirin kwana guda na iya zama sanadin ajalinsa. Da cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, na ga matasan ma'aikata da suka haddace sunanta na Turanci amma ba su taɓa tunanin yadda za su bayyana wa uba dalilin killace ɗansa ba.

Kundin ba zai tsaya ga sunayen cututtuka ba, domin yadda ake bayanin magani ma ilimi ne da ke salwanta idan ba a rubuta shi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau shida ake shan sa a cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma ya fi aiki idan an haɗa da abinci mai ɗan maiƙo. Ɗalibin da ya gano yadda zai daidaita wannan da lokutan salla ga tsohuwar da ba ta ɗaura agogo, ko wanda ya ce wa uwa ta narka garin gishiri da sukari a ledar ruwa biyu masu rabin lita maimakon ya ce mata lita guda, ya samo abin da ya kamata sauran 'yan ajinsa su amfana da shi. A haɗa da bambancin karin harshe, tun da abin da Bakano ke kira zazzaɓi shi ne Basakkwace da mutumin Maraɗi ke kira masassara.

Sai dai akwai sharaɗin da ba zan yi sassauci a kansa ba, wato sirrin mara lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana abin da ya shafi lafiyar mutum ba da izininsa ba, kuma a garuruwanmu, inda kowa ya san kowa, cire suna kawai bai wadatar ba. In ka rubuta cewa amaryar wani mai shago ce a unguwa kaza, to ka gama faɗin sunanta. Saboda haka kada a sa unguwa ko sana'a ko ranar zuwa asibiti, balle hoto, kuma wani malami ya riƙa dubawa duk mako yana gyara kuskure, domin kada zaton ɗalibi guda ya zama karatun aji gaba ɗaya.

Abin da ake buƙata bai wuce littafi mai kauri guda da zai zauna a hannun shugaban aji ba, wanda idan sun kammala za su damƙa wa ajin da ke biye da su ya ɗora. Masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana daga Kudu, waɗanda sau da yawa mai shara ko mai gadi ke yi musu tafinta, su ma a ba su aronsa a makonsu na farko.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Daga wata malamar jinya mai ritaya, Kano.