A daina haɗa gurup da kuran na gari kai tsaye

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ba ni fili in ja kunnen 'yan uwana masu shaguna da ƙananan masu gyaran wuta nan Damagaram, saboda ana wasa da abin da ba na wasa ba. Mutum zai sayi gurup, wato janareto, ya ja waya ya cusa a layin gida ba tare da ya raba shi da kuran na gari ba, wai ai duk wuta ce, to wallahi ba haka abin yake ba.

Kuran da muke samu kaɗawa yake gaba da baya sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk injin da ke kan layi dole ya bi wannan bugun, tun daga manyan tashoshin Najeriya har layin da ya biyo ta Katsina ya iso mana. In aka dawo da wuta gurup ɗinka yana nasa bugun daban, sai su yi karo, waya ta yi zafi, injin ya ƙone, kuma tun kafin a dawo da ita mai gyara da ke kan falwaya yana zaton babu wuta alhali kai kana tura masa.

Abin ma tsohon ilimi ne. A 1665 wani masani ɗan Holan, Huygens, ya rataya agogo biyu masu lilo a katako ɗaya, ya ga cikin kamar rabin awa sun daidaita, wannan ya tafi dama wancan hagu, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, ko ya ɓata musu sai su koma. Ɗan girgizar da ke bi ta katakon ce ke haɗa su, kuma fa sai don ana ba agogon wani, wato ana murɗa shi, yana samun ƙarfi, gogayya kuma tana cinye motsin da bai dace ba, shi ya sa suke komawa. A 1975 wani masani ɗan Japan, Kuramoto, ya yi lissafin abin, ya nuna in bambancin gudu ya fi ƙarfin haɗin to ba za su taɓa jituwa ba. Haka abin yake ga injinan wuta, kuma ƙaramin gurup na shago ba shi da na'urar da za ta jira bugun ya zo daidai kafin ta haɗa.

Makunnin da ke raba layi biyun yana nan a kasuwar Dole, a saya a sa mai gyara na ƙwarai ya ɗaura. Ina kuma roƙon gidajen rediyonmu su gayyato malaman jami'a su yi wannan bayani da Hausa kafin zafi ya shigo, lokacin ne kowa ke tada gurup.

Naku mai karatu, daga unguwar Birni, Zinder